Gashin Ƙashi: Daga Dajin Burma Zuwa Dajin Birnin Gwari

Maudu'in wannan mako tarihi ne, tarihin sana'ar da Bahaushe ya raɗa wa suna gashin ƙashi, wadda ma'aikatan asibiti ke kira fisiyo, da doguwar hanyar da ta biyo kafin ta doshi ƙasar Birnin Gwari.

A ƙarshen watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, ya karɓi rukunin farko na 'yan bindigar da suka ce sun ajiye makamai, aka kuma sake buɗe kasuwar kara wadda ta yi kusan shekara goma a rufe. Tireloli suka dawo lodin shanu, manoma suka fara leƙa gonakin da suka daɗe da sallamawa. Ko sulhun zai ɗore ko ba zai ɗore ba, muhawara ce da ake ta yi a rediyo da majalisu, kuma ba ita ta kawo ni ba. Waɗanda suka tsaya mini a rai su ne mutanen da ranar buɗe kara ba su iya takawa zuwa can ba, ko da gidansu yana bayan kasuwar.

Ma'aikatar tsaron cikin gida ta Jihar Kaduna, zamanin Kwamishina Samuel Aruwan, ta riƙa fitar da rahoto duk shekara. Na 2020 ya ce an kashe mutum 937 a faɗin jihar, an sace 1,972. Na 2021 ya ce an kashe 1,192, an sace 3,348. Birnin Gwari tana cikin ƙananan hukumomin da abin ya fi yi wa ɓarna. A cikin rahotannin akwai layin waɗanda suka ji rauni, amma jaridu ba su cika sa shi a kanun labari ba, mu masu karatu ma ba mu cika tsayawa a kansa ba. Ita kalmar rauni kuwa buhu ce mai faɗin baki. Wanda harsashi ya goge wa fata yana ciki, wanda ya farfasa wa ƙashin cinya yana ciki, wanda ya taɓa wa laka har ba zai sake miƙewa ba shi ma a ciki aka zuba shi. Mamaci an yi masa sallah, an yi zaman makoki, an raba gado. Wanda aka sace an biya fansa ya dawo, 'yan'uwa sun zo barka. Mai rauni kuwa, ranar da jarida ta gama da shi, ranar ce wahalarsa take farawa.

Bari mu ɗan dubi ƙasar tukuna, saboda waɗanda ba su san ta ba. Birnin Gwari tana yammacin Kaduna, ta yi iyaka da Zamfara da Katsina da Neja. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe a matsayin gandun daji na En'e tun 1936 kuma ya zama gandun ƙasa a 1999, ya haura murabba'in kilomita 1,000, yana haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara da dazuzzukan Jihar Neja. Mai babur da ya san hanya zai ratsa jihohi uku bai hau kwalta ba. Ƙasa ce ta noma da zinariya, kuma tsohuwar hanyar manyan motoci daga Legas, wadda ta biyo ta Jebba da Mokwa da Tegina, ta nan take wucewa zuwa Kaduna da Funtuwa. Hari ba baƙo ba ne a tarihin yankin. A ƙarni na 19 mayaƙan Kontagora, zamanin Umaru Nagwamatse da ɗansa Ibrahim, sun sha kai farmakin kamen bayi ƙasashen Kamuku da Gwari, har zuwa 1901 da Turawa suka ci Kontagora. Na zamaninmu ya faro da satar shanu da fashi a kan hanya. A Oktoban 2012 aka kashe kimanin mutum 20 a Dogon Dawa, da yawansu suna fitowa daga sallar asuba. A Maris na 2018 aka kashe sojoji 11 a Doka, a Mayu na shekarar aka far wa Gwaska aka kashe fiye da mutum 40. Garkuwa da mutane ta zama sana'a, 'yan Ansaru suka samu mafaka a dajin, hanyar Kaduna mai kilomita ɗari da 'yan kai ta koma wadda ake neman gafarar iyali kafin a hau.

Irin wannan yaƙi yana barin raunuka irin nasa. Harsashin AK-47 idan ya sami ƙashi ba ya raba shi biyu kamar kara, tarwatsa shi yake yi, ya tura datti da yagaggen tufa cikin nama. Akwai saran adda a hannu, tunda da hannu mutum yake kare kansa, sai jijiyoyin da ke motsa yatsu su tsinke. Akwai waɗanda suka faɗo daga babur, ko motarsu ta ƙwace a gudun tsira. Sannan ga waɗanda suka yi makonni ko watanni a daji a ɗaure da igiya ko sarƙa, ba abinci sai ɗan abin riƙe rai. Suna dawowa tsoka ta zube, gwiwa ta sandare, wani yana jan ƙafa a ƙasa saboda ɗaurin ya danne jijiyar da ke ɗaga ta. Shi wannan babu ko ɗigon jini a jikinsa, don haka da wuya ya shiga lissafin kowa.

Wanda ya fi kusa da irin waɗannan mutane, jiya da yau, shi ne maɗori. Ɗori sana'ar gado ce a ƙasar Hausa kamar wanzanci da ƙira. Maɗori zai ja ƙashi ya daidaita, ya shafa man shanu ko man kaɗanya, ya jera karare ko 'yan sanduna ya ɗaure, ya yi tofi, ya sa ranar kwancewa. Bayan an kwance sai gashi: ruwan zafi da tsumma safe da yamma, da tausa, da lallaɓa gaɓar har ta saki. Iyayenmu mata sun san wannan ilimi ta wata ƙofar, ta wankan jego da gashin cibiyar jariri. Shi ya sa da sabuwar sana'a ta zo asibiti, mutane suka ga ana ɗora zafi a gaɓa ana murzawa, ba su wahalar da kansu neman suna ba, suka ce ai gashi ne. Sunan ya zauna daram a baki, sai dai ya rage wa sana'ar tsawo, domin zafi shi ne ƙaramin abin da ke cikinta. Uwa-uba shi ne motsi, a sa gaɓa ta lanƙwasa, a sa tsoka ta ɗauki nauyi, kaɗan-kaɗan, kullum.

Karayar da fata ba ta fashe ba, maɗori nagari yakan yi nasara a kanta, wannan kowa ya shaida. Raunin harsashi kuwa a buɗe yake, yana neman a wanke shi, a cire mataccen nama, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta. In aka ɗaure shi tamau, kumburi ya rasa inda zai je, jini ya daina zagayawa, sai gaɓar ta yi baƙi ta ruɓe. Likitocin ƙashi a Arewa sun daɗe suna rubutu a kan yaran da aka yanke wa hannu ko ƙafa ta wannan hanya. Duk da haka ban ga laifin mai zuwa wurin maɗori ba. Yana kusa, yana karɓar abin da ya samu, ya san ubanka da kakanka, kuma ba sai ka ratsa Udawa da Buruku ba kafin ka same shi.

Wani abin sha'awa, ilimin ƙashi na zamani shi ma jikan maɗora ne. Hugh Owen Thomas, wanda ya yi aiki a birnin Liverpool a ƙarni na 19, daga gidan ɗori ya fito, zuriyar da ta yi suna a tsibirin Anglesey na yankin Wales. Mahaifinsa maɗori ne da bai shiga makarantar likita ba, amma ya tura 'ya'yansa suka yi karatun. Thomas ya ƙera wani ƙarfe mai zobe a sama, a zura ƙafa a ciki a ja ta a miƙe, ƙashin ya daina motsi. Ya rasu a 1891. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, sojan da harsashi ya karya wa cinya kusan ya gama yawo, ana cewa takwas cikin goma ba sa kai labari. Robert Jones, wanda ya tashi a gidan Thomas ya koyi aiki a hannunsa, shi ya dage har aka rarraba wannan ƙarfe a fagen daga tun daga 1916, mace-macen suka ragu ƙwarai.

Da rayuka suka tsira sai wata matsala ta ɓullo, ga dubban samari da rai amma hannu ba ya aiki, ƙafa ba ta ɗauka. A shekarar ta 1916 Jones ya jagoranci buɗe asibitin ƙashi na soja a unguwar Shepherd's Bush ta Landan, ya sa aka yi rumfunan sana'a a cikinsa, kafinta da ƙira da ɗinki, masu rauni suna ƙera wa 'yan'uwansu sandunan dogarawa da ƙarafan ɗori. Dabarar mai sauƙi ce. Mutumin da ka ce ya lanƙwasa yatsu sau ɗari zai gaji ya daina, amma in ka ba shi zarto zai yi motsin sau dubu bai sani ba, kuma da yamma ya ga abin da hannunsa ya yi. A gefe guda ga mata masu tausa, waɗanda suka kafa ƙungiyarsu a Ingila tun 1894, suna bin gadaje da tausa da motsa jiki da na'urar lantarki. Wannan ƙungiya ita ce a 1944 ta ɗauki sunan fisiyoterafi.

A yaƙin nan ne kuma likitoci suka ci karo da raunin da ba a gani. A 1915 wani likita mai suna Charles Myers ya yi rubutu a mujallar Lancet a kan sojojin da aka dawo da su daga rami, wasu jikinsu na rawa, wasu sun daina gani sosai, alhali ba a ga inda aka ji musu ciwo ba. Da farko aka zaci ƙarar igwa ce ta girgiza musu ƙwaƙwalwa, wasu hafsoshi kuma suka ce ragwanci ne kawai. Sai da aka yi wani yaƙin duniya, aka yi na Biyetnam, sannan a 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka shigar da abin cikin kundinsu a matsayin ciwo mai suna, wanda yau ake taƙaitawa da PTSD, wato firgicin da ke maƙale wa mutum bayan tashin hankali ya wuce.

Mutumin da a ganina ya fi kowa gane cewa raunukan biyu tare suke tafiya shi ne Ludwig Guttmann, Bayahuden likita da ya gudo daga Jamus a 1939. A 1944 aka ba shi sashen masu ciwon laka a asibitin Stoke Mandeville na Ingila. Kafin shi, wanda lakarsa ta tsinke kwantar da shi ake yi a jira ajali, gyambon kwanciya da ciwon mafitsara su ƙarasa shi. Guttmann ya ce a riƙa juya kowane majinyaci duk bayan awa biyu, dare da rana, har shi da kansa yakan zo cikin dare ya duba. Da gyambo ya warke sai ya fitar da su daga gado, zuwa rumfar sana'a da filin wasa. Ranar 29 ga Yuli, 1948, ranar da aka buɗe gasar Olamfik a Landan, ya shirya gasar harbin baka tsakanin mutum 16 a kan keken guragu. Ita ce ta girma ta zama gasar nakasassu ta duniya da aka fara a birnin Rum a 1960. Baka tana ƙarfafa kafaɗa da baya, haka ne. Amma saurayin da ya yanke ƙauna daga duniya, ranar da ya ji haushin an fi shi saiti, ranar ce ya dawo cikin masu rai.

Mu kuma ta ina sana'ar ta shigo mana? Ta Burma, ƙasar da yau ake kira Myanmar. A Yaƙin Duniya na Biyu Turawa sun kwashi dubun dubatar 'yan Afirka ta Yamma a runduna ta 81 da ta 82, da yawansu 'yan Arewa, har Hausa ta zama harshen bariki. Sun yi yaƙi da Japanawa a kwarin Kaladan da yankin Arakan a 1944 da 1945, cikin daji mai duhu da ruwan sama, kaya a ka saboda mota ba ta shiga. Sunayen wuraren suna nan tare da mu ko da ba mu lura ba: barikin Dalet da na Kalapanzin a Kaduna, barikin Myohaung a Legas, ga kuma Chindit a Zariya wanda ya ɗauki sunan wata rundunar musamman ta yaƙin. Waɗanda suka dawo da rauni aka tara su a wani sansani a Igbobi, Legas, wanda a Disambar 1945 ya zama asibitin ƙashi. A shekarar ne aka kawo ƙwararrun gashi biyu daga Birtaniya, Miss Manfield da Mista Williams, aka ba su aiki biyu: su yi jinyar sojojin, su kuma horar da 'yan ƙasa a kwas na shekara uku. Daga wannan ƙaramin aji sana'ar ta yaɗu. An kafa ƙungiyar masu gashin ƙashi ta Najeriya a 1959, Jami'ar Ibadan ta fara ba da digiri a 1966. A Arewa an buɗe asibitin ƙashi na Dala a Kano a 1959, amma makarantar koyon gashi sai a ƙarshen shekarun 1980 ta samu a nan Dala, da haɗin gwiwar Jami'ar Bayero.

Ku auna nisan Igbobi da wani ƙauye a bayan Zariya a 1946. Mazan jiyan da aka sallama suka hau jirgin ƙasa suka koma gida, abin da ya rage na ciwo kuma ya koma hannun maɗori da wanzami da malam. Tsofaffinmu suna da labaran tsohon soja da ke zabura in an yi tsawa, ko mai fareti shi kaɗai a ƙofar gida, yara suna binsa suna dariya. Da dariya aka ba mu labarin, amma in kun sake saurarensa da kunnen yau za ku ji wani abu dabam.

Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya sake maimaita darasin. Bayansa aka kafa asibitin ƙashi na Enugu a shekarun 1970, su kuma nakasassun sojojin Biyafara aka ajiye su a Oji River, inda suka shafe shekaru aru-aru a kan kekuna a bakin titin Enugu zuwa Onitsha suna miƙa hannu ga matafiya. An ɗinke raunin, ba a mayar da mutumin cikin rayuwa ba. Rikicin Boko Haram ya fara a 2009. Sai a 2016 ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya ta fara shirin ƙafar roba da gashi a Dala, ana ɗauko mutane daga Maiduguri, tafiyar kusan kilomita 600, kafin a buɗe cibiya a asibitin koyarwa na Maiduguri a 2020. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Duk inda ka duba a wannan tarihi, sana'ar bayan yaƙi take biyowa, a makare take isowa, a babban birni take sauka, kuma galibi mai kaki take fara gani.

To Birnin Gwari yawancin masu rauninta ba su da kaki. Manoma ne, direbobi, 'yan sa-kai, masu haƙar zinariya, mata da yara, har da makiyayan da rikicin ya ci ta ɓangarensu. Babban asibitin garin, na Jibril Mai Gwari, shi ke karɓar su da farko, amma manyan sassan ƙashi da gashi suna Kaduna, a Barau Dikko da asibitin soja na 44, ko Shika a Zariya, ko Dala. A shekarun da abin ya yi tsanani, hanyar zuwa asibitin ita ce inda aka harbe ka. A ƙarshen 2021 ma an katse layukan waya a yankin na tsawon makonni, aka hana hawa babur. Tiyata sau ɗaya ake yi, mutum zai iya sayar da buhun masara ya rufe ido ya je. Gashi kuwa sau biyu ko uku ne a mako, wata da watanni.

Jiki yana da nasa agogon, kuma ba ya jiran sulhu. Ƙashin cinyar babba yakan ɗauki wata uku zuwa shida kafin ya haɗe. Tsoka tana fara zubewa cikin mako ɗaya ko biyu na kwanciya. Gaɓar da aka bari makonni ba motsi tana sandarewa, in ta daɗe a haka sai an koma tiyata, wani lokacin ma ta tafi ke nan. Jijiyar da aka ɗinke tana tsirowa da kusan milimita ɗaya a rana, wato santimita uku a wata, don haka wadda ta tsinke a damtse tana iya cin shekara kafin ta isa yatsu. A duk tsawon wannan lokaci dole wani ya riƙa buɗe yatsun yana lanƙwasa su kullum, in ba haka ba jijiyar za ta iso ta tarar da ƙofa a kulle. Wanda aka yanke wa ƙafa kuma sai an koya masa naɗe dungun da bandeji don ya yi siffar da ƙafar roba za ta zauna, a hana shi tura matashi ƙarƙashin gwiwa duk da daɗin da yake ji, saboda gwiwar za ta lanƙwashe ta ƙi miƙewa. Da yawansu suna jin zafi ko ƙaiƙayi a ƙafar da aka riga aka binne. Ba su cika faɗa ba, tsoron kada a ce aljanu ne ko taɓin hankali, alhali sanannen abu ne: ƙwaƙwalwa ce ba ta goge taswirar ƙafar ba. A shekarun 1990 wani likita a Amurka, V. S. Ramachandran, ya nuna cewa madubi yana iya rage wannan zafi ga wasu, a ajiye shi yadda mutum zai ga hoton lafiyayyar gaɓar a wurin wadda babu, ya riƙa motsa ta. Madubin kasuwa ya isa.

Yanzu ku saurari yadda harshenmu yake faɗin ciwon rai. Gabana yana faɗuwa. Jikina ya mutu. Ƙirjina ya yi nauyi. Kaina ya ɗau zafi. Hantar cikina ta kaɗa. Bahaushe da jiki yake ba da labarin zuciya, kuma likitanci ya tabbatar masa. Wanda ya kwana arba'in yana jiran a harbe shi, jikinsa yana koyon zama cikin shiri: kafaɗa a ɗage, numfashi sama-sama, barci rabi da rabi. Ya dawo gida, amma jikin bai samu labari ba. Ƙarar babura uku a jere ta isa ta jiƙa shi da gumi. Tsokar da ba ta saki tana ciwo, ciwo yana hana barci, rashin barci yana ƙara firgici, mai firgici kuma yana tsoron taka ƙafar ko da hoton asibiti ya nuna ƙashi ya haɗe.

A nan ne mai gashi yake da wata dama da sauran ma'aikata ba su da ita. Magidancin da ba zai taɓa yarda a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ba, saboda sunan da mutane za su kira shi da shi, zai zo gashi da ƙafarsa, domin ciwon gwiwa ba abin kunya ba ne. Likitan tiyata minti biyar yake ba shi, mai gashi kuwa rabin awa, kuma za su sake haɗuwa jibi. Mutumin da hannun da ya taɓa shi na ƙarshe duka ya yi masa, yanzu ga hannu yana neman izininsa kafin ya taɓa, yana tsayawa in ya ce ya isa. Ana koya masa jan numfashi a hankali, ana auna masa ci gaba da abin da ido ke gani: makon jiya taku goma, yau ashirin. Sau da yawa a tsakiyar lanƙwasa gwiwa ne maganar da aka haɗiye take fitowa. Kada dai mu zuzuta. Gashi ba ya maye gurbin likitan ƙwaƙwalwa, kuma wanda ya daina ci, ko yake maganar kashe kansa, aikin mai gashi shi ne ya gane ya miƙa shi gaba da wuri. Matan da aka ci zarafinsu a daji kuwa, raunin nasu a wurin da ba a faɗa yake, kuma da yawa ba za su buɗe baki ba sai a gaban mace 'yar'uwarsu. Wannan kaɗai dalili ne na a samu 'yan mata daga yankin su karanci sana'ar.

Mu marubuta muna da namu kason a wannan mantuwa. A littattafanmu da finafinanmu ana harbin jarumi, a nuna shi da bandeji mai ɗigon ja, likita ya fito ya cire tabarau ya ce an yi nasara, shafi biyu a gaba yana tuƙa mota zuwa zance. Wata shidan da ke tsakani, inda magidanci yake jiran ƙaninsa ya ɗaga shi zuwa banɗaki, inda matarsa take lissafin kuɗin mota da na taki, inda yake yi wa yara tsawa ba dalili sannan ya juya bango, nan ne labarin yake, kuma nan muke tsallakewa.

Tarihi ya nuna wata hanyar da ba ta jiran babban gini. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda masu ciwon ƙwaƙwalwa suke sauka a gidajen ƙauye tare da danginsu, su je asibiti da rana, har masu maganin gargajiya ya jawo cikin aikin. A ƙauyen Ajoya da ke tsaunukan Sinaloa na ƙasar Meziko, inda rikicin masu fataucin ƙwaya ya bar samari da harsashi a laka, nakasassun da kansu suka riƙe wata cibiya mai suna PROJIMO tun farkon shekarun 1980, suna ƙera kekuna da sanduna, suna kafa itace biyu a jere don koyon tafiya. Daga aikinsu David Werner ya rubuta littafinsa na 1987 a kan yara nakasassu na karkara. A kudancin Habasha an gwada tara maɗora a ba su gajeren horo a kan sassauta ɗauri da gane raunin da ya fi ƙarfinsu, yanke gaɓoɓi ya ragu. Birnin Gwari tana da masu walda, tana da kafintoci da maƙera, tana da maɗoran da jama'a suka yarda da su, tana da ma'aikatan ƙananan asibitoci a gundumomi. Ƙwararre ɗaya da zai riƙa zagayawa ranar kasuwa, ya duba, ya koya wa ɗan'uwan majinyaci motsi uku da zai riƙa yi masa safe da yamma, ya fi na'urar miliyoyi da ke Kaduna amfani ga mutumin Kuyello ko Randagi.

Ma'aunin warkewa a can ma dabam yake da na littafin Turawa, wanda ke tambaya ko mutum yana iya hawa bene. A ƙauye tambayar ita ce ko yana iya tsugunawa, ko yana iya zaman tahiya, ko yatsunsa suna riƙe ƙotar fartanya, ko mace tana iya ɗaga taɓarya ta goya ɗanta. Manomin da aka harba a cinya lokacin girbin masara a Oktoba, in an yi masa aiki da wuri kuma ya samu mai lanƙwasa masa gwiwa kullum, yana iya riskar shukar Yuni da sanda ɗaya a hannu. In gwiwar ta sandare a miƙe, ƙashin zai haɗe lafiya lau, hoton asibiti ya yi kyau, amma ba zai duƙa a kan kunya ba, hawa babur zai gagare shi, a masallaci kuma kujera za a riƙa ajiye masa a ƙarshen sahu.